Gobe tafiya, yau gaba na faɗuwa: tambayoyi da amsoshi kan fargabar hanya

Duk sanda sallah ta matso, ko aka yi hutun makaranta, ko bikin ɗan uwa ya taso a wani gari, sai tambayoyin nan sun dawo, kusan iri ɗaya, daga maza da mata. Ni ba likita ba ne, mutum ne da aiki ya ajiye a Abuja iyali kuma suna Kano, na daɗe ina bin hanyar nan, kuma an yi lokacin da ko jakar tafiya na gani sai cikina ya murɗa. Abin da na koya a jikina da wanda na ji a bakin direbobi da ma'aikatan lafiya shi na tattara a nan.

Ni kaɗai ne gabana ke faɗuwa in tafiya ta matso, ko akwai irina?

Wallahi ba kai kaɗai ba ne. Ka je tashar Unguwa Uku ko Kawo ko Jabi da asuba ka tsaya ka kalli mutane da kyau, za ka ga mai jan carbi da sauri-sauri, za ka ga wadda ta kira gida sau uku tun mota ba ta cika ba, za ka ga wanda ke zagaya motar yana leƙen taya. Ba a faɗa ne kawai, musamman mu maza, don kar a ce wane ya cika tsoro.

Kuma tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Da wuya ka samu gida a Arewa da ba su san wani da haɗarin mota ya ci ba, ko wanda aka tare a hanya, sunaye irin su Rijana da Katari da Birnin Gwari in an ambata sai ka ji mutum ya yi salati. Saboda haka ni ba zan ce maka ba komai ba, akwai komai. Abin da muke nema shi ne tsoron ya tsaya iya gwargwadonsa, ya sa ka shiri, kar ya hana ka barci ya raba ka da zumunci da neman abinci.

Me yasa cikina ke ɗurar ruwa, wani lokaci har da gudawa da bugun zuciya, alhali lafiyata ƙalau?

Jiki ne ke shirin gudu. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ne ko wanda ka saƙa a ranka ne kana kwance a kan katifa, sai ta sa a saki wani sinadari da ake kira adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, jini ya bar wajen ciki ya tafi hannu da ƙafa, shi ya sa baki ke bushewa, abinci ya fita a kai, wani kuma ya yi ta zaryar banɗaki. Jikin bai iya bambance ɗan bindiga na gaske da na cikin tunani ba. Wannan ba alamar wani abu zai faru ba ce, alamar kana tunanin abin ce kawai. Amma in kana da hawan jini ko asma ko ciwon zuciya, ko kina da juna biyu, ko ciwon ƙirjin yana bi ta hannu ko muƙamuƙi, to kar a ce fargaba ce a zauna, a je asibiti a duba kafin tafiyar.

Wani ya ce min raunin imani ne ke damuna. Haka ne?

Maganar nan tana min ciwo, don na ga yadda take sa mutum ya haɗiye damuwarsa ya ƙara shiga wani hali. Ka duba Suratul Ƙasas aya ta 21, Annabi Musa (AS) ya fita daga gari yana cikin tsoro yana waige-waige, sannan ya roƙi Allah ya tserar da shi. Annabi ne fa, kuma a bakin tafiya. Tsoro ɗabi'ar ɗan Adam ce, abin dubawa shi ne me ka yi da shi. Hadisin mai raƙumi ma kowa ya san shi, aka ce ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, ba a ce ya zaɓi ɗaya ba.

Don haka ka yi addu'arka da sakankancewa. In za ka fita gida ka ce bismillahi tawakkaltu alallah, la haula wala ƙuwwata illa billah, in ka zauna a mota ka karanta addu'ar hawa abin hawa, subhanallazi sakkara lana haza, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14. In Kirista ne kai ka yi taka addu'ar yadda ka saba. Abin da na lura kawai, akwai mai maimaita addu'a sau ashirin don yana ganin ta farko ba ta shiga ba, wannan kuma waswasi ne ya saka rigar ibada. Ka yi sau ɗaya da nutsuwa, Wanda ka roƙa ya ji.

To ta yaya zan gane tsoron da zan saurara da wanda zan yi watsi da shi?

In amsa ɗaya za ka karanta a nan, wannan ce. Duk abin da ya faɗo maka a rai ka yi masa tambaya ɗaya, shin akwai abin da zan iya yi a kansa yau? In akwai, to tsoro ne mai aiki, tashi ka yi aikin. Tayar baya ta suɗe, je ka canza. Ban san halin da hanyar take ciki ba, kira wanda ya biyo ta jiya. Kar dare ya yi mana a daji, to ka yi sammako. Kar cajina ya ƙare, sa fawa bank a jaka. Irin wannan tsoron da zarar ka biya masa buƙata sai ya yi shiru.

Ɗayan kuwa ba ya ƙoshi. Shi ne mai cewa to in aka tare mu fa, in tirela ta ƙwace fa, wa zai riƙe min yara, ka ba shi amsa ya kawo wata, ka saƙa ka warware har gari ya waye kuma babu abu ɗaya da ya ƙaru a shirinka. Ni abin da ya taimake ni shi ne biro da takarda, ba waya ba. Kwana biyu kafin tafiya sai in ja layi a tsakiyar takarda, hagu in rubuta abin da ke hannuna, dama in rubuta abin da ke hannun Allah. Na hagu in bi su ɗaya bayan ɗaya ina sokewa. Na dama in karanta su sau ɗaya, in yi addu'a a kansu, in ninke takardar in sa a aljihun jaka. In tunanin ya dawo da dare, kuma zai dawo, sai in ce masa ai an rubuta ka, an miƙa ka inda ya dace.

Har maganar mutuwa ma akwai ɓangarenta da ke hagu. In abin da ke cin ranka bashi ne ko amanar wani da ke hannunka, rubuta wasiyya ka ajiye, ka gaya wa mutum ɗaya inda take. Ba kiran mutuwa ba ne, addini ma ya kwaɗaitar, kuma za ka ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinka.

Daren tafiya barci ƙaurace min yake yi. Ya zan yi?

Na san daren nan sarai. Jaka na jingine a bakin ƙofa, an ɗauke wuta, kowa ya yi barci, kai kuma ido biyu kana duba agogon waya kana lissafin saura awa huɗu, saura uku da rabi. Farko dai ka gama haɗa kaya tun la'asar, kayan da za ka saka ma ka ware, kuɗin mota ka raba su gida biyu, kar ka bar komai sai dare. Daga azahar ka haƙura da goro da Nescafe da shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzarin nan, duk suna ƙara bugun zuciya. Ka saita alam biyu ka kife wayar nesa da gado, ko ka ce wani ya tashe ka, don rabin rashin barcin tsoron makara ne.

In ka yi kusan rabin awa kana juyi to tashi, kar ka yi kokawa da filo. Ka yi alwala ka yi nafila ko ka zauna a tsakar gida ka sha iska, sai ka ji ido ya yi nauyi ka koma. In fasinja ne kai rashin barcin dare ɗaya ba zai maka komai ba, ka rama a mota. In kai ne za ka tuƙa kuwa maganar daban ce, duba amsar masu tuƙa kansu a ƙasa.

Ina ta bin labaran hanya a WhatsApp da Facebook don in san halin da ake ciki, amma sai ƙara rikicewa nake yi.

Dole ka rikice. Bidiyon da aka turo maka da rubutun "yanzu-yanzu" sau da yawa na shekara biyu ko uku da suka wuce ne, wani ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba, kuma babu mai tura labarin dubban motocin da suka isa lafiya a ranar. Ga shi in ka kalli ɗaya sai manhajar ta yi ta jero maka irinsa. Hoton gawa da ka gani da ƙarfe 11 na dare shi zai raka ka har tasha.

Labarin hanya a wajen masu hanya ake samu. Direban da ya shigo jiya da yamma, shugabannin tasha 'yan yuniyon, ɗan uwanka da ke zaune a garin da za ka, sai labaran rediyo na safe ko na yamma sau ɗaya. Ka yi musu tambaya takamaimai, ina ne hanya ta lalace, ina ake aron hannu saboda aiki, ƙarfe nawa motoci ke daina bi, akwai inda ake kaucewa a satin nan? Ka tambaya ana gobe tafiya, ka sake tabbatarwa da safe a tasha, shikenan. Guruf ɗin da aka fi turo hotunan haɗari ka kashe masa ƙara har ka dawo.

Ƙarfe nawa ya fi dacewa a tashi? Tafiyar dare fa?

Ka yi lissafi daga baya. Wane yanki ne na hanyar ba ka so yamma ta same ka a ciki, to ka tsara yadda za ka wuce shi rana na tsaka, ka kuma ƙara awa biyu na ko-ta-kwana saboda faci da gosulo da shingayen bincike. Daga Zuba zuwa Kano wajen kilomita 375 ne, wanda ya tashi bayan gari ya yi haske yana da sarari ko da an samu tsaiko, wanda ya tashi ƙarfe 3 na yamma kuwa tun a tasha ya sayi fargaba da kuɗinsa. Sammakon ma ba wai cikin duhu ba, ka bari motoci su fara zirga-zirga.

Wasu hanyoyin suna da nasu ƙa'ida. Masu zuwa Maiduguri ta Damaturu sun san ana rufe hanya da yamma, kuma harin da aka kai a Auno, kusa da Maiduguri, a watan Fabrairun 2020 ya samu matafiya ne da suka iske an rufe suka kwana a cikin motoci. Ka tambayi lokacin rufewa kafin ka tashi, in ka ga ba za ka cimma ba ka kwana a Damaturu ko Potiskum. Tafiyar dare kuwa ni ba na ba mai fargaba shawararta ko kaɗan, ga manyan motocin da suka lalace ba alama, ga direba mai gyangyaɗi, in an samu matsala kuma taimako sai gari ya waye.

Takardar nan da ake rubuta suna da lambar ɗan uwa a tasha, da na karɓi biro sai hannuna ya kama rawa.

Ni ma ta sha tayar min da hankali, sai in ji kamar ina rubuta wanda za a kira a yi masa ta'aziyya. Daga baya na juya abin, na ga ai wannan takardar ita ce shaidar cewa an san motar, an san direban, an san inda ya nufa. Motar bakin hanya ba ta da wannan, ɗari biyar ko dubun da za ka rage ba ta kai kwanciyar hankalinka ba, balle a Abuja da ake fama da 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke zuwa da mota kamar ta haya su ɗauki fasinja su yi masa fashi. Ka shiga tasha, ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda ka san yana ɗaga waya.

Kafin ka biya ka zagaya motar ka kalli tayoyi, ka kalli lodin da aka yi mata, ka kalli idon direban ku gaisa. In ranka bai kwanta ba ka jira ta gaba, babu wanda zai kama ka. Wajen zama kuma, mai jin kamar an toshe masa numfashi ya nemi bakin taga, mai tsorata da ganin obatekin kar ya zauna gaba, in akwai bel a kujerar ka ɗaura ko da kai kaɗai ne ka ɗaura. In da hali ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida.

Direba na gudun wuce sa'a, kowa ya yi shiru. In yi magana?

Ka yi. Dokar hanya ta ce motar haya kar ta wuce kilomita 90 a awa a babban titin ekspres, motar gida 100, saboda haka ba ka roƙi alfarma ba. Sai dai yadda aka faɗa shi ne komai, in ka daka masa tsawa a gaban fasinja zai iya ƙara taka totur don kar a ga an ba shi umarni. Ni nakan ce, "Malam direba sannu da ƙoƙari, don Allah a ɗan sassauta mana, akwai mata da yara." Sau da yawa da ka buɗe baki sai ka ji wata Hajiya a baya ta ce gaskiya ne ɗan nan, ashe kowa jira yake wani ya fara. In ya ƙi ji, ko ka ga yana gyangyaɗi ko yana latsa waya, ka sauka a gari na gaba mai tasha, ba a daji ba. Layin hukumar kiyaye haɗura 122 ne, na gaggawa na ƙasa kuma 112, ka adana su tun a gida.

Ni zan tuƙa da kaina, ga iyali a mota, nauyin ya min yawa.

Kai kam layin hagu na takardarka ya fi na kowa tsawo, kuma hakan alheri ne don yawancin abin yana hannunka. Ka kai mota wajen bakanike kwana uku kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ka samu damar zagayawa da ita cikin gari ka ji. A duba birki da man birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, waifa. Safaya ta kasance da iska, jak da wil sifana suna ciki, ga abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, lasin da inshora da sauran takardu kuma a haɗa su wuri ɗaya don kar gabanka ya riƙa faɗuwa a kowane shinge.

Taya ita ce abin da na fi tsayawa a kai, don ita ta taɓa kai ni ƙasa. Shekarun baya muna cikin wata Sharon tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari tayar baya ta yi bindiga, direba ya danne birki, motar ta juya ta faɗa gona. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma har yau ina tuna ƙurar da ta cika bakina da ƙarar rediyon motar da bai mutu ba yana ta magana. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2321 to an yi ta a mako na 23 na 2021. 'Yan kiyaye haɗura suna cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, kuma 'yar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali ta tsufa. Iska kuma a auna da safe taya na sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kar mai faci ya cika ta tam da ido. In ta fashe kana gudu kar ka danne birki, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali har motar ta rage gudu.

Sannan ka raba tafiyar gunduwa-gunduwa. Kar ka ce Abuja za ni, ka ce Zariya za ni, in ka kai Kwangila sai ka ce Kaduna, kana tsayawa duk bayan awa biyu ko uku a wuri mai jama'a ka miƙe ƙafa ka wanke fuska. Sallah akwai sauƙin ƙasaru da haɗawa ga matafiyi, ba sai ka tsaya a inda ranka bai kwanta ba. In daren jiya ba ka runtsa ba, kar ka tuƙa, ka nemi wani ya karɓe ka ko ka ɗaga tafiyar zuwa gobe.

In abin ya taso min a tsakiyar hanya fa, numfashi ya sarƙe in ji kamar zan mutu?

Abin tsoro ne sosai in yana faruwa, amma ka riƙe wannan, irin wannan firgicin yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa sannan ya fara sauka da kansa. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fesar ta baki a hankali kana ƙirga shida ko takwas, fitarwar ita ce ta fi muhimmanci don ita ke gaya wa zuciya ta sassauta. Ni da carbi nake haɗawa, kowane numfashi ƙwaya ɗaya da hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ka dafa ƙafa a ƙasan mota, ka kurɓi ruwa, ka sa ido a waje kana kiran sunan abin da kake gani a zuci, ga bishiyar kuka, ga mai rake, ga garken shanu. Kuma ba abin kunya ba ne ka ce wa na kusa da kai, bawan Allah ɗan yi min hira ba na jin daɗi. In kai ke tuƙi ka sa sigina ka gangara gefe inda ake ganinka, kar ka ce za ka daure.

Akwai maganin da zan sha in yi barci har mu isa?

Don Allah kar ka je kemis ka ce a ba ka diyazefam ko wani abin sa barci da kanka. Yana sa jiki ya saba har ya zama ba ka iya tafiya sai da shi, ga shi kana cikin motar haya da baƙin fuska ba ka san inda kanka yake ba, in wani abu ya taso kuma kai ne na ƙarshen tashi. Direba kuwa ko kusa. In likita ne ya duba ka ya rubuta, wannan daban.

In matsalar amai ce da jiri a mota, shi ma yana ƙara fargaba, akwai irin su Avomine amma suna sa barci, mai tuƙi ba ya sha, mai juna biyu da yara kuma sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Citta tana taimaka wa wasu, haka cin abu mara maiƙo kaɗan kafin a tashi, da kallon nesa maimakon kallon waya.

Mahaifiyata ta fi ni shiga damuwa, kiranta ma ƙara min tsoro yake.

Umma ta haka take, in na ce gobe zan taso to ita ma ba ta barci, kuma in ta kira ta ji layi a kashe a wajen da babu netwok sai hankalin gidan gaba ɗaya ya tashi. Wata rana na durƙusa na ce, "Umma, addu'arku nake so, kiran kuma ku bar min, ni zan kira ku a Kaduna, in kira a Zariya, in kira in na shigo Na'ibawa. In kun ji shiru a tsakani netwok ne." Ta ce, "To Allah ya tsare, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya." Tun daga nan abin ya yi sauƙi gare mu duka. Ka zaɓi mutum ɗaya mai sanyin rai a gidan, ƙani ko yaya ko matarka, ka tura masa inda kake kai tsaye ta WhatsApp, akwai zaɓin awa 8, shi sai ya riƙa sanar da sauran. Lokacin isowa kuma ka faɗa musu da ƙari, in kana sa ran ƙarfe 2 ka ce la'asar.

Na yi mugun mafarki, ko kuma jikina kawai bai ba ni ba. In fasa?

Mai fargaba dole ya yi mafarkin abin da ya kwana yana tunani. Koyarwar addini a kan mugun mafarki a fili take, ka yi tofi ta hagu sau uku, ka nemi tsari, ka juya kwanciya, kar ka ba kowa labari, ba a ce ka fasa harkarka ba. In shawara ce ta rikice maka ka yi istihara ka yi shawara da mutanen kirki.

Fasa tafiya yana da wurinsa, in an samu labari tabbatacce daga masu hanya cewa ba lafiya, ko mota ba ta da lafiya, ko direba bai yi barci ba, ko lokaci ya ƙure, to ɗagawa hankali ne. Amma in ka koma kan tambayar nan ta tsoro mai aiki ka ga babu wani dalili sai faɗuwar gaba, ka sani duk sanda ka fasa za ka ji daɗi na yini ɗaya, tafiya ta gaba kuma tsoron ya dawo ya fi na da ƙarfi, don ƙwaƙwalwa ta koyi cewa fasawar ce ta cece ka. Haka nawa ya yi ta girma har na yi watanni ban je gida ba.

Ba gara in hau jirgin ƙasa ba?

In akwai shi a hanyarka kuma ranka ya fi kwanciya da shi, hau mana, tsakanin Rigasa da Idu mutane da yawa shi suke bi. Shi ma an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka dakatar da shi sai a Disambar shekarar ya dawo, wato babu hanyar da za a ba ka takardar tabbas. Zaɓi ne kawai tsakanin abu biyu, ba maganin fargabar ba ne, kuma mafi yawan garuruwanmu dole sai da mota.

Tun da na yi haɗari, ko tun da aka tare mu, ban koma daidai ba. Yaushe zan nemi likita?

Makonnin farko bayan irin wannan abu kusan kowa yana firgita, ƙarar fashewar taya ko warin fetur kaɗai ya isa ya dawo maka da komai. In an wuce wata ɗaya abin bai ragu ba, kana mafarkinsa, kana ganinsa ido biyu, kana kauce wa duk abin da ya shafi mota, ko ka fara shan wani abu don ka samu barci, ko aiki da zumunci sun fara lalacewa, to lokaci ya yi. Wanda aka yi garkuwa da shi ko ya rasa wani a gabansa kar ma ya jira watan ya cika. In kuma tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, yau za ka gaya wa wani, a kai ka asibiti.

Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a, a haɗa su. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, a Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ka fara da likitan asibitin da ke kusa da kai ya tura ka. Ba kullum ake ba da ƙwaya ba, akwai magani na zama a yi magana, a koya maka yadda za ka tunkari abin da kake gudu kaɗan-kaɗan. Ni ta haka na dawo hanya, na fara da zuwa tasha in zauna wajen mai shayi in kalli ana lodi in koma gida, bayan sati na shiga motar Wudil tare da ƙanina muka je muka dawo, sannan Zariya, sannan Kaduna. In za ka je wajen likitan ka tafi da takardar nan taka mai layi biyu, ka rubuta a bayanta yaushe abin ya fara, sau nawa yake zuwa a sati, da duk maganin da kake sha, don in ka zauna a gabansa kar bakinka ya yi nauyi.